Allurar Kashe Kafaɗa Da Halin Da Zuciya Kan Shiga Lokacin Tiyata

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, likitan sa barci a ɗakin tiyata, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu.



Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabin kiwon lafiya na bana, na yi niyyar in yi magana a kan hawan jini ko ciwon suga, tunda su ne suka addabi sa'o'inmu. Abin da ya sa na sake shawara shi ne, a cikin shekara guda mutum uku daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure sun same ni, kowa shi kaɗai, da maganar ciwon kafaɗa. Ɗaya ya faɗo daga kan acaɓa, ɗaya santsin banɗaki ya kwashe shi, na ukun kuwa kafaɗar ce kawai ta gaji, har ya kasa ɗaga hannu ya saɓa babbar riga. Ɗaya daga cikinsu an riga an sa masa ranar aiki, amma da aka gaya masa cewa allura za a yi masa a wuya, a zaunar da shi a kujera, a yi aikin idonsa biyu, sai ya tattara katinsa ya koma gida, ya ce gara ya je wajen mai ɗori. Ba zan faɗi sunansa ba, amma yana jina. To, saboda shi da ire-irensa na zaɓi wannan batu.

Bari in fara da abin da kowa a nan ya sani. Kun tuna da ranakun fareti, musamman na 1 ga Oktoba da na 27 ga Mayu, sa'ad da akan jera mu a fili tun hantsi muna jiran babban baƙo, ba mu karya da komai ba sai ɗan kunun da ya fi kama da ruwa? Ba a taɓa yin faretin da wani bai yanke jiki ya faɗi ba. Za ka ga yaro ya fara hamma, fuskarsa ta yi fari, gumi ya karyo masa, sai ji kake tim. A ɗauke shi a kai gindin darbejiya, a kwantar da shi, kafin a kawo ruwa ma ya buɗe ido yana tambayar abin da ya faru. Mu a lokacin dariya muke yi, muna cewa ragwanta ce ko yunwar gabza. Malaminmu na bayoloji ne kaɗai ya taɓa tsayawa ya ce mana jini ne ya taru a ƙafafu ya bar kai, shi ya sa da an kwantar da yaro yake farfaɗowa. Ranka ya daɗe, ina so ka sani cewa wannan bayani da ka yi mana a gindin bishiya shi ne rabin aikin da nake ci da shi yau. Ku riƙe wannan yaro na fareti a ranku, domin za mu sake haɗuwa da shi a ɗakin tiyata.

Hanyoyin hana mutum jin zafin wuƙa iri biyu ne manya. Ta farko ita ce a sa shi barci gaba ɗaya, wadda aka fara nunawa a bainar jama'a ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Bostan na Amurka, inda William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci iskar ita aka yi masa aiki a wuya. Ta biyu ita ce a kashe sashen da za a yi wa aiki kawai, a bar mutum a farke. Wannan ta samo asali ne a 1884, lokacin da Carl Koller a birnin Biyana ya ɗiga hodar koken da aka narkar a ido, ya ga ana iya taɓa idon ba tare da mai shi ya ji ba. Ba a jima ba William Halsted a Niyok ya gane cewa idan aka zuba maganin a jikin jijiyar da ke kai saƙo, duk yankin da take yi wa aiki sai ya mutu na ɗan lokaci. Daga baya aka sami magunguna da suka fi koken aminci, irin su lidoken da aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943, da bufibaken da aka fara amfani da shi a asibitoci a 1963, wanda ya fi daɗewa a jiki.

Jijiyoyin da ke kai saƙo hannu guda biyar ne, sun fito daga laka ta ƙasan wuya, suka sarƙe da juna kamar tufkar igiya, suka bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, suka gangara hammata. Biyun sama su ne masu kula da kafaɗa. A gefen wuya, ɗan ƙasa da zakaran wuya, akwai wani ɗan kwari tsakanin tsokoki biyu inda waɗannan jijiyoyi ke wucewa kusa da fata. A 1970 wani likita a Shikago mai suna Alon Winnie ya bayyana yadda za a sa allura ɗaya a wannan kwari a kashe kafaɗa duka. Sa'ad da na koyi aikin, da yatsa muke laluben wurin, mu tambayi majinyaci ko ya ji wani abu kamar lantarki ya ja shi a hannu. Yanzu muna amfani da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, muna ganin jijiyar da bakin allurar da yadda maganin ke bazuwa. Saboda haka maganin da a da mukan zuba mililita 30 zuwa 40, yau rabin haka ko ƙasa da haka yana isa.

Amfanin wannan hanya ba kaɗan ba ne. Aikin kafaɗa yana daga cikin ayyukan da suka fi zafi bayan an gama, amma wanda aka yi wa wannan allura yakan yi awa goma ko fiye bai ji komai ba. Ba ya buƙatar magunguna masu sa maye da yawa, amai ba ya damunsa kamar wanda aka sa barci, yakan ci abinci da wuri, sau da yawa ma a ranar ake sallamarsa. Wani lokaci mukan haɗa biyun, watau a yi allurar sannan a sa mutum barci mara nauyi. Shi kuma likitan ƙashi yakan so a zaunar da majinyaci a jingine, kamar mai hutawa a kujerar malam-na-kwance da aka ɗan ɗaga, domin ta haka yake samun kafaɗar ta gaba da ta baya, ya juya hannun yadda yake so. Wannan zama ya yaɗu ne tun daga ƙarshen shekarun 1980, da aka fara yawaita aikin kafaɗa ta ƴan ƙananan huduji da madubin leƙe.

To, a nan ne maganar zuciya ta shigo, kuma abubuwa uku nake so ku fahimta.

Abu na farko shi ne faɗuwar bugun zuciya da ƙarfin jini farat ɗaya. Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini wajen lita 5. Tana da totur tana da birki, kamar mota. Totur shi ne sinadarin adirenalin da jijiyoyin da ke aiki da shi, birki kuwa wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa ƙirji. Idan mutum ya tashi daga kwance, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. Mai tafiya tsokokin ƙafarsa suna matso jinin ya koma sama, amma wanda ke zaune shiru a kujerar tiyata, kamar yaron da ya ƙame a fareti, jinin can yake kwanciya. Sai abin da ke komawa zuciya ya ragu. Ga kuma tsoro ya taka totur, ga adirenalin da wani lokaci akan haɗa a cikin maganin allurar ko a ruwan da ake wanke gaɓar da shi. Sai zuciya ta shiga matsawa da ƙarfi alhali cikinta kusan wayam. Manoman fadama da ke nan sun san ƙarar da injin ban-ruwa ke yi idan bakin tiyo ya fita daga ruwa yana jan iska, sun kuma san abin da mai hankali ke yi, watau ya kashe injin. Haka jiki ke yi. Akwai wasu ƴan jijiyoyi a bangon zuciya da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma sai ta taka birki, ta saki jijiyoyin jini su buɗe. Bugun zuciya ya faɗi, ƙarfin jini ya faɗi, mutum ya tafi suma.

Wannan martani na jiki ana kiransa da sunan mutum biyu, Albert von Bezold na Jamus wanda ya fara lura da shi a jikin dabbobi a 1867, da Adolf Jarisch na Ostiriya wanda ya ƙara bincikensa a ƙarshen shekarun 1930. A 1995 wasu likitoci a Amurka suka danganta shi da sumar da ake gani a aikin kafaɗa a zaune. Har yanzu masana na muhawara ko shi kaɗai ne sanadi, domin wasu na ganin maganin da aka zuba a wuya yana taɓa wasu jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya, wasu kuma na ɗora laifi a kan magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ake ƙarawa ta jijiya. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yawan faruwarsa. Rahotanni sun nuna yana samun tsakanin mutum 13 zuwa 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin a zaune suna farke, kuma ba nan take yake zuwa ba, yakan bari sai an yi wajen awa guda, lokacin da kowa ya saki jiki. A wani bincike da aka yi a Niyok a 1998, an ga cewa waɗanda aka ba maganin metofurolol, mai hana zuciya zabura, 5 cikin 100 ne abin ya samu, waɗanda ba a ba komai ba kuwa 28 cikin 100. Duk da haka ba kowa ake ba wannan magani ba, domin shi ma yana da waɗanda bai dace da su ba, kamar masu asma da waɗanda zuciyarsu dama a hankali take bugawa. Yawancin masu wannan suma suna dawowa cikin ƴan mintoci idan an lura da wuri. Kaɗan ne zuciyarsu kan tsaya cak, kuma saboda waɗannan kaɗan ɗin ne ba ma matsawa daga kan majinyaci.

Abu na biyu shi ne jinin da ke isa ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka zauna a ɗakin kwana na saman bene sun tuna cewa idan ruwan famfo ya yi rauni, na ƙasa suna wanka mu na sama sai dai mu sauko da bokiti. Ƙwaƙwalwa ita ce mai ɗakin saman bene. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana karɓar wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. Idan mutum na kwance, awon da aka yi a damtse daidai yake da abin da ke isa kai. Idan yana zaune kuwa, duk santimita ɗaya da kai ya ɗara damtse, ƙarfin jinin na raguwa da ɗigo 0.77 na ma'aunin da kuka saba gani. Malaminmu na lissafi yana nan, sai ya duba mini: santimita 30 sau 0.77 ya ba da kusan 23. Ke nan idan na'ura ta nuna 90 a hannu, abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai fi 67 ba. Idan kuwa a ƙafa aka ɗaura abin awon, saboda wani dalili, to tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. A 2005 wasu likitoci biyu a Amurka, Pohl da Cullen, suka buga labarin mutum huɗu da aka yi wa aikin kafaɗa a zaune suka sami mummunar illa a ƙwaƙwalwa ko laka. Wannan rahoto ya sa aka rage ɗabi'ar nan ta sauke ƙarfin jini da gangan domin likitan ƙashi ya ga wurin aiki ba jini. A nan wanda ke farke ya fi wanda aka sa barci kariya, domin jijiyoyinsa na jini ba su saki ba, kuma muddin yana amsa mini magana daidai, na san ruwa na hawa bene. Wannan batu ya fi shafar masu hawan jini, saboda ƙwaƙwalwarsu ta saba da ƙarfin jini mai yawa, awon da zai ishi saurayi su ba zai ishe su ba.

Abu na uku shi ne maganin kansa idan ya shiga jini. Wuya cike yake da manyan jijiyoyin jini, ciki har da waɗanda ke tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Maganin da ke hana jijiyar hannu kai saƙo, idan ya isa zuciya da yawa, haka zai hana wayoyin zuciya kai nasu saƙon. Alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓe da harshe, ƙara a kunne, daga nan jijjiga kamar ta farfaɗiya, sannan zuciya ta rikice. A 1979 George Albright ya ja hankalin likitoci cewa bufibaken na iya tsayar da zuciya, kuma idan ya tsayar da ita tayar da ita na da wuya ƙwarai. An daɗe ba a da makari, sai a 1998 Guy Weinberg na Shikago ya nuna a jikin ɓeraye cewa wani farin ruwan mai, kamar madara, wanda ake ciyar da marasa iya cin abinci da shi ta jijiya, yana janye dafin daga zuciya. Mutum na farko da aka ba da rahoton an ceta da shi, a 2006 a Niyok, wani ɗan shekara 58 ne da aka yi wa wannan allura ta wuya domin aikin kafaɗa. Zuciyarsa ta tsaya, aka yi ta danna ƙirji ana ba shi magunguna ba nasara, da aka ɗura masa mililita 100 na wannan mai sai ta dawo, ya tashi lafiya. Yau ƙa'ida ce duk inda ake irin wannan allura a ajiye wannan ruwa, wanda aka fi sani da sunan Intralipid, a kusa. Mu kuma mukan zuba maganin kaɗan-kaɗan, muna ja da baya mu ga ko jini zai biyo.

Akwai wasu ƴan abubuwa da kan tsorata majinyaci alhali wucewa suke yi. Fatar ido ɗaya kan ɗan sauka, murya kan dushe, sannan tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki yakan daina motsi a ɓangaren da aka yi allurar. Wani bincike na 1991 ya nuna cewa da yawan maganin da ake zubawa a lokacin, wannan na samun kowa da kowa. Yakan kuma rage ƙarfin numfashi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Mai lafiyar huhu ba ya ma lura, amma mai tsohon ciwon huhu dole a sake masa dabara.

Yanzu bari in ba ku labarin abin da ya faru a hannuna, a wani asibiti da na taɓa aiki. Wani dattijo ne ɗan kasuwar hatsi, shekarunsa sun haura sittin, babur ya kayar da shi jijiyar kafaɗarsa ta dama ta tsinke. Na gan shi ana gobe aiki, na tambaye shi ko yana da hawan jini, ya ce yana da shi yana kuma shan magani. Na rubuta, na wuce gado na gaba. Da safe na yi masa allura, ta kama yadda ake so, aka zaunar da shi aka fara aiki, muna ta hira a kan farashin gero da masara. Da aka yi kamar awa guda, komai lafiya, sai na sunkuya ina cike takarda. Ina cikin rubutu na ji ya yi wata doguwar hamma, ya ce, "Likita, zuciyata na tashi, kuma ɗakin ya yi duhu." Na ce, "Baba, yi mini magana, kana jina?" Bai amsa ba. Na ɗaga kai na ga bugun zuciyarsa da ke 88 ya koma 36, yana kuma ci gaba da sauka. Na ce wa likitan ƙashi ya dakata, muka kwantar da kujerar, nas ta ɗaga ƙafafunsa, na ba shi atirofin mai sakin birki, na bi da efidirin mai matse jijiyoyin jini, na buɗe ƙarin ruwa duka. Abin bai fi minti biyu ba, amma ban taɓa ganin minti biyu masu tsawonsu ba. Sai ya buɗe ido ya ce, "Ina muka tsaya? Ai masara sai ta ƙara tashi." Aka gama aiki lafiya.

Da yamma na je gadonsa na zauna, na yi masa tambayoyin da ya kamata in yi tun jiya. Ashe tun magaribar jiya bai sa ko ruwa a bakinsa ba, domin an ce masa kada ya ci komai, shi kuma ya ga gara ya cika umarni har ya zarce. Ashe kuma da asuba ya sha ƙwayar hawan jininsa biyu maimakon ɗaya, ya kora da wani jiƙo da maƙwabcinsa ya ba shi, don kada a auna a ce jininsa ya hau a ɗaga aikin, ga kuɗin mota da ya kashe ya zo daga nesa. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?" Ya ce, "Ɗana, ai ba ka tambaye ni ba." Gaskiyarsa. Laifin farko nawa ne, na yi masa tambayar cike takarda, ban ba shi wurin magana ba. Abin da ya cece shi kuwa shi ne ya faɗi abin da yake ji tun kafin in duba na'ura. Da irin dattawan nan ne masu ganin faɗin ciwo raki ne, da ya yi shiru na ƙara wasu daƙiƙu ina rubutu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da nake roƙonku, ko aikin kafaɗa za a yi muku ko wani daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku tattaro duk magungunan da kuke sha a leda ku kai wa likitan sa barci, na asibiti da na gargajiya, har da na ƙarin kuzarin nan da ba a son faɗa a gaban iyali. Kada ku ƙara ko ku rage da kanku, domin akwai magungunan hawan jini, irin su lisinofiril da losatan, da sau da yawa mukan ce a dakatar a safiyar aiki, akwai kuma irin su atenolol da tsayar da su farat ɗaya haɗari ne. Masu shan maganin tsinka jini su faɗa tun da wuri. Idan ka taɓa suma, ko a fareti ne shekara arba'in da suka wuce, ko da ganin jini, ko wajen allura, ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Batun azumin aiki, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuwa ana iya sha har zuwa awa 2 kafin a shiga, sai dai in likitanka ya ce maka wani abu daban. Ka tambaya wa zai zauna a kanka tun daga farko har ƙarshe, ka tambaya ko akwai ɗan maƙalen yatsa mai nuna bugun zuciya da iskar jini, wannan haƙƙinka ne. Idan an fara aiki ka ji jiri, ko tashin zuciya, ko zufa mai sanyi, ko baƙon ɗanɗano a baki, ka yi magana nan take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan aiki kuma ka fara shan maganin zafin da aka rubuta maka tun kafin hannun ya farka, domin yakan farka ne da tsakar dare, kuma da fushi yake farkawa.

Ga abokina da ya gudu, ina ce maka duk abubuwan nan uku da na lissafa an san su, an san alamunsu, maganinsu na cikin sirinji a gefen kujera tun kafin ka shigo. Masu ɗori suna da inda suka iya, amma tsinkakkiyar jijiyar kafaɗa ba ta ɗoruwa da kara da tsumma, kuma idan ta daɗe tsokar kan janye ta motse, har a kai inda ɗinkin ba zai yiwu ba. Ka koma a sake sa maka rana. In ka ga zaman ido biyu ya fi ƙarfinka, ka faɗa, sai a haɗa maka da barci.

Daga ƙarshe, ina da magana da ƙannenmu ɗalibai da ke tsaye a bakin taga. A wani ƙidaya da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta buga a 2017, ta ba da shawarar a sami aƙalla likita 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000, alhali Nijeriya a lokacin ba ta kai ko ɗaya ba. Duk mai son aikin likita cikinku yakan ce shi mai fiɗa zai zama, ba wanda ke tuna mutumin da ke zaune a bayan labule yana ƙirga bugun zuciya. Ina roƙon shugabannin ƙungiya, idan an zo rabon tallafin karatu na bana, a tuna da masu sha'awar wannan fanni, likitoci da nas-nas. Ina kuma roƙon malaman da ke kula da fareti, idan yaro ya faɗi kada a zaunar da shi ko a miƙar da shi tsaye, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a kuma bar yara su karya kumallo su sha ruwa kafin a jera su a rana.

Shugaban taro, na ga mai kula da lokaci ya ɗaga mini hannu sau biyu, shi ne kuwa wanda ya riƙa kaɗa mana ƙararrawa tun muna aji uku, don haka ba zan ja da shi ba. Ina godiya ga malamanmu, waɗanda suka rage da waɗanda suka riga mu. Wanda ke da tambaya ya same ni bayan cin abinci, na zo da abin awon jini a jakata.